Ɗiyar Fari da Kunkurun Lakwal

Ɗiyata ta tafi Dosso bayan an rufe lakwal, wato makarantar boko, farkon damina. Kawunta ya zo ya ɗauke ta. Ni na raka su tasha. Ba ƙwace ta aka yi ba. An tambaye ni, na ce tasu ce.

Ita kaɗai gare ni, kuma ita ce ta fari. Ba zan faɗi sunanta a nan ba, don ban taɓa faɗinsa ba tun ranar da liman ya raɗa mata shi. Wanda ya tashi a wajenmu ya san dalili. Ɗan fari ba a kiran sunansa, ba a ɗaukarsa a gaban mutane, ba a nuna an damu da shi. Yawanci ma dangi ake ba su riƙe shi. Haka na ga ubana ya yi da yayana, har ya mutu ban ga sun zauna tabarma ɗaya ba. In zan kira ta, "ke" nake cewa. Ta saba.

Ban yi lakwal ba. Ƙuruciyata a bayan kamiyo, babbar motar kaya, na yi ta, tsakanin Kwatano da Yamai. Aparanti ne ni, abin da mutanen Nijeriya ke ce wa karen mota. Wata shekara motarmu ta kife a gangare cikin ƙasar Benin. Direba ya mutu, ɗayan aparantin ya mutu. Ni aka zaro daga ƙarƙashin buhunan shinkafa da ƙugu a karye. Ƙashin ya haɗe a karkace. Tun daga nan ban ƙara hawa bayan mota ba. Na zauna Gaya, a filin da manyan motoci ke jiran duwan, wato kwastan, ina shigar da su ina fitar da su.

Aikin ba wuya gare shi ba, amma ba a yin sa da baki rufe. Kana tsayawa inda direba zai gan ka a madubi. Idonka na kan tayar baya. Hannu na sama, baki na aiki: taho, taho, yanka dama, ya isa, miƙe. In ya kauce kaɗan ka gyara shi nan take, ba ka jira. In ka buga jikin mota sau ɗaya, tsaya ke nan. Sau biyu, hanya ta buɗe, tafi. Ba ka sakin mota sai ta hau kwalta. Wannan kaɗai na iya a duniya.

Uwar yarinyar ƴar Bengou ce. Zazzaɓi ya kama ta da ciki na biyu, ta tafi da cikin. Yarinyar a lokacin ba ta wuce shekara huɗu ba. Bayan addu'ar arba'in dangin uwar suka ce za su tafi da ita. Na ce a bari ta ɗan huta da kuka tukuna. Suka bari. Kakarta ba lafiya gare ta ba, ga jikoki cike da gida, sai maganar ta kwanta. Ba ta mutu ba, kwanciya ta yi.

Muka zauna ni da ita a ɗaki ɗaya, cikin gidan haya bayan filin motoci. Akwai wata mata a ɗakin da ke kallon namu, Badandiya mai soya kifi a bakin hanya. Ita ke yi mata kitso da wanka, ita ke zagina in na bar ta da riga mai datti. Ni nake dafa abinci. Shinkafa da wake, in an samu kifi a sa. Muna ci ba magana. Takan yi ta surutu da kanta ko da kajin gidan, ni ina gefe ina ji kamar ba na ji.

Yayan uwarta yana aikin ofis a Dosso. Mutumin kirki ne, ba zan ɗora masa abin da bai yi ba. Yana da mata da ɗiya mata uku. Kowace Sallah in zai je Bengou sai ya biyo ta Gaya, ya kawo mata riga, ya zauna ya sha ruwa, ya tayar da maganar. Ya ce yarinya in ta kai bakwai ba ta kwana ɗaki ɗaya da namiji, ko ubanta ne. Ya ce tana buƙatar mace da za ta koya mata abin da namiji bai sani ba. Da aka rufe gadar kan iyaka motoci suka daina wucewa, na koma bakin kogi ina ɗaukar kaya zuwa kwalekwale da wannan ƙugun nawa, ya ji labari, ya ƙara wannan a cikin lissafinsa. Duk abin da ya faɗa gaskiya ne. Amsa ɗaya ce gare ni, ita ce ba na son ta tafi. Wannan kuwa ba a faɗinta a kan ɗiyar fari, balle a gaban yayan uwarta. Sai in ce to, Allah ya kai mu. Shi ma ya ce amin, ya tashi.

Mai kifin ce ta kai ta lakwal. Ni ban san ƙofar da ake bi ba. A shekararta ta biyu wasu mutane suka zo da mota suka kafa sola a kan rufin aji, suka bar akwatin ƙarfe. Ban san daga ina suke ba. Yarinyar ta dawo gida tana ta zancen kunkuru. Kunkuru ya je gida bakwai, kunkuru ya faɗa rami, yau ita ta tuƙa kunkuru. Ban tambaye ta ba. Amma da na ji kalmar tuƙi kunnena ya tashi.

Wata rana da hantsi da aiki ya mutu na bi ta bayan lakwal ɗin na tsaya a taga. An tura tebura gefe. A ƙasa an shimfiɗa leda mai faɗi, an zana mata gida-gida kamar na dara, kowane gida da lamba. Yara sun kewaye ta a durƙushe. A tsakiya ga abin. Roba ce kore, girman ƙwaryar fura, da tayoyi a ƙarƙashi, da madannai a gadon baya masu alamar kibiya. Malamar, wadda yara ke ce wa madam, yarinya ce ƴar Karakara mai babbar murya. Takan faɗi abu da Faransanci, ta maimaita da Hausa, ta juya da Zabarmanci don waɗanda ba su kama ba. Ta ce uku a tara da huɗu. Yara suka ƙirga da yatsu da murfin kwalba. Wanda ya samo amsa shi zai aika kunkuru gidan da lambar take. Zai danna kibiyoyi ɗaya bayan ɗaya, gaba, gaba, juya, gaba, har ya gama, sannan ya danna na tsakiya. Abin ya yi ƙara kamar tsuntsu ya kama tafiya shi kaɗai.

A can ƙarshen aji wasu na zaune huɗu-huɗu a kan allon gilashi da suke kira tabilet, suna jan wasu tubala masu launi da yatsa suna liƙa su, wata ƴar akuya a ciki tana tafiya rijiya. Wannan bai dame ni ba. Kunkurun ne ya tsayar da ni.

Abin da ya ba ni haushi shi ne, da zarar yaro ya danna na tsakiya, madam sai ta ce hannu a baya. Kowa ya mai da hannunsa baya. Wata yarinya ta aika shi, ina gani tun daga juyawar farko ya ɗauki hanyar da ba ita ba, zai sauka daga ledar. Ba wanda ya motsa. Ban san sanda bakina ya buɗe ba, na ce yanka hagu. Ajin duka ya juyo taga. Dariya ta tashi. Ɗiyata ta sunkuyar da kai kamar ba ta san ni ba, kuma daidai ta yi.

Madam ta zo bakin taga tana murmushi.

"Baba, wannan direban ba shi da madubi. Ko ka yi ihu ba ya jin ka."

Na ce to in ya kauce wa zai gyara shi.

Ta ce ba kowa. Ta ce duk abin da kake so ya yi, tun kafin ya tashi za ka faɗa masa, a jere, ba tsallake. In ya tashi ya fita hannunka. Naka kallo ne. In ya ɓata, ka lura da inda ya ɓata, ka dawo da shi, ka share abin da ke kansa, ka sake jerawa. In ba ka share ba, na jiya zai fara yi kafin na yau. Ta ce wannan jerawar ita ake kira kodaj, kuma ita ce asalin abin da suke koyo, lissafin yana shiga ne ta cikinta. Ta ce in shigo in zauna. Na ce ina da aiki. Ba ni da aikin komai. Na koma bakin kogi ina tunanin wace irin mota ce za a saki tun ba ta hau hanya ba.

Da la'asar ran nan na tarar yarinyar ta zana gidajen da gawayi a tsakar gida, daga bakin ɗakinmu zuwa gindin randar mai kifi. Ta rubuta lambobi a ciki. Ba ta da kunkuru. Ta gwada da gwangwani, ba ya tafiya. Ta gwada da kaza, ba ta ji. Sai ta tsaya tana dubana.

"Baba, durƙusa."

Na duba tsakar gida, ba kowa. Na durƙusa.

Ta zo bayana. Tsakiyar baya ita ce gaba. Kafaɗar dama, juya dama. Kafaɗar hagu, juya hagu. In ta gama sai ta taɓa tsakiyar kaina, in miƙe in yi abin da ta danna. Kafin a sake wani sai ta shafa tafin hannunta a kan sanƙona, wai ta share.

Tun ranar da uwarta ta mutu hannunta bai taɓa jikina ba, nawa ma bai taɓa nata ba sai in zazzaɓi ya kama ta. Ƙaramin yatsa ne, da sanyin ruwan randa. Na riƙe abin da ta danna a kaina na miƙe na yi.

Karon farko ta yi kuskure, na ga hanyar za ta kai ni bango, sai na gyara da kaina na je gidan da take so. Ta yi fushi sosai. Ta ce kunkuru ba shi da wayon kansa, in na gyara mata yaya za ta san inda ta ɓata. Washegari ta sake kuskure. Na bi abin da ta danna, na sa ƙafa cikin kwanon ruwan wankin kifi har idon sawu. Ta yi dariya har ta zauna ƙasa. Ban taɓa jin wannan dariyar a kusa da ni ba, daga nesa nake jin ta.

Juyawa ke ba ni wuya saboda ƙugun. Sai in tsaya in ja ƙafar a hankali. Takan ce kunkuru ya yi pan, ya lalace, a kira makanike. Mai kifi ta fito ta same mu wata rana, ta riƙe haɓa ta ce ashe tsohon aparanti ya samu sabon direba, wannan dai ba za ta kifar da kai ba. Na ce karatu ne, madam ce ta ce a riƙa yi a gida. Madam ba ta ce ba. Amma da sunan karatu ba wanda zai ce na rasa kunya ina wasa da ɗiyar fari. Haka muka yi ta yi kowace la'asar, daga sanyi har zafi ya shigo mangwaro ya nuna. A nan na san lambobi da ido. Da can lambar mota ma da kamanninta nake gane ta.

Da ƙaramar Sallah kawunta ya zo. Ya ce bana ta cika bakwai, in an rufe lakwal zai tafi da ita. A karon farko na samu abin faɗa. Na ce akwai wani karatu da suke yi da na'ura a ajinsu, wanda babu shi ko'ina a nan kusa, ko a Bengou ko a Bana. Na ce malamarta ta ce tana da kai, asara ce a cire ta a tsakiya. Ban ce komai a kaina ba. Na jingina komai a kan kunkuru.

Ya juya kofin ruwa a hannunsa. Ya ce bai san da wannan ba. Ya ce in haka ne zai zo ya gani da idonsa kafin a yanke magana.

Na je na tambayi madam ko akwai ranar da iyaye ke zuwa kallo. Ta ce akwai, kafin hutu. Daga ranar na matsa wa yarinyar. Ina dawowa daga kogi, ko ruwa ban sha ba, sai in durƙusa. Na sa ta ƙara gidaje har bakin ƙofar gida. Na riƙa ajiye turmi da bokiti a hanya don ta koyi kewayewa. A kaina abin a fili yake: in ta fi kowa a gaban kawunta, ba mai cire ta daga wannan lakwal. Ban yi tunani ya wuce nan ba. Ni mai kallon tayar baya ne, ban saba duba inda hanya ta nufa ba.

Ranar ta zo. An fito da ledar ƙarƙashin bishiyar mangwaro, an jera benci. Iyaye mata sun fi yawa. Kawunta ya iso da safe cikin farar shadda, aka ba shi kujera a gaba kusa da shugaban lakwal. Ni na tsaya a baya, jikin bishiya. Yara suka yi ta fitowa. Wani ya manta bai share ba, kunkuru ya yi ta zagaya kansa, mutane na dariya. Wata ta fashe da kuka tun ba ta danna komai ba.

Da aka kira ɗiyata, madam ta ba ta lissafi mai ragewa, ta kuma ɗora tubali biyu a tsakiyar leda ta ce kogi ne, kunkuru bai iya ruwa ba. Ta ƙirga a yatsu, ta faɗi amsa. Sannan ta tsaya bayan kunkurun ta fuskanci inda ya fuskanta. Tana juya jikinta kaɗan-kaɗan, leɓenta na motsi, kamar yadda take yi a bayana. Ta durƙusa ta fara dannawa. Daga inda nake na ga kamar ta sa dama inda ya kamata hagu. Hannuna ya tashi sama da kansa. Ko sau ɗaya ba ta dubi wajena ba. Ta danna na tsakiya ta mai da hannu baya. Ni ma na sauke nawa na kai shi baya na riƙe da ɗayan.

Kunkuru ya tafi, ya juya, ya bi gefen tubalin kamar zai goge shi, ya sake juyawa, ya tsaya cif a kan lambar. Ita ce da gaskiya. Aka yi tafi. Aka ba ta tabilet, ta kai akuyar rijiya da tubala kaɗan inda sauran suka jera da yawa, saboda ta gano tubalin da ke cewa a maimaita. Madam ta ɗaga allon ta nuna wa mutane. Kawunta yana ɗauka da wayarsa, bakinsa har kunne. Ni na dubi ƙasa, kamar yadda ya dace. A cikina na ce shi ke nan, ta zauna.

Da aka watse kawun ya kira madam gefe, ya yafito ni. Ya yi mata godiya. Sannan ya tambaye ta baɗi fa, me za su yi a aji na gaba. Ni ban taɓa yin wannan tambayar ba.

Madam ba ta san abin da ke tsakaninmu ba. Ta faɗi gaskiya. Ta ce kayan na ƙananan aji biyu ne kawai, daga nan sai allo da alli. Ta ce waɗanda suka kawo ba su ce za su dawo ba. Kunkuru biyu aka bari, ɗaya tayarsa ta riga ta karye, tabilet kuma zafi ya kumbura batirin wasu. Kawun ya ce kusa da gidansa a Dosso akwai lakwal mai ɗaki guda cike da irin waɗannan na'urori, manya ma, har ajin ƙarshe, ɗiyansa can suke. Madam ta ce kai, in ta samu wannan ai an gama mata komai, irin wannan kan bai kamata ya tsaya a nan ba. Tana cikin faɗa ta dubi fuskata. Ta ce amma dai iyaye su suka san abin da ya fi. Ta riga ta faɗa.

A gida na shimfiɗa masa tabarma a inuwa, a kan gidajen gawayin. Yarinyar na gindin randa tana wanke kofuna, bayanta gare mu. Ya ce na ce karatu ne ya riƙe ta a nan, ya zo ya gani, kuma na yi gaskiya, zunubi ne a yanke mata shi. Ya ce shi ya sa yake ganin Dosso ta fi.

"Kai me ka ce?"

"Taku ce, Yaya."

Ya dube ni ya daɗe. Ya rage murya.

"Ba abin da ake faɗa nake tambayarka ba. Mu biyu ne a nan. In akwai wata magana, faɗe ta."

Ƙarar kofuna ta tsaya a gindin randa. Na ji ta tsaya. Maganar tana nan, ƙarama ce, ba ta fi kalma huɗu ba. Na nemi hanyar da za ta bi ta fito, babu. Ban taɓa jin wani namiji a gidanmu ya faɗe ta ba. Kuma ko na faɗa, me zan ajiye kusa da ita? Ɗaki ɗaya, da ƙugu a karkace, da kunkuru mai karyayyar taya.

"Taku ce," na sake cewa.

Ya ce to, Allah ya yi mana jagora. Zai je Bengou ya gaya wa tsohuwa, ya dawo ya ɗauke ta in an ba da hutu.

Mai kifi ta ji komai daga ɗakinta. Yana fita ta fito da ludayi a hannu. Ta ce bakina ɗinke shi aka yi ne, mutum ya buɗe mini ƙofa har biyu na tsaya kamar turmi. Na ce me zan ce. Ta ce in ce ina son ɗiyata, ko harshena zai guntule. Na ce a gaban yayan uwarta? Ta ce ku da kunyarku, ku ci ta ku ƙoshi. Ta koma ciki ta bugo ƙofa. Kwana biyu ba ta amsa gaisuwata ba.

Yarinyar ba ta ƙara cewa in durƙusa ba, ni ma ban tayar ba. Ina dawowa da la'asar in tarar da ita wajen mai kifi tana tsince ƙaya. Sai ana gobe tafiya, rana ta yi sanyi, na zauna bakin ɗaki ina gyara igiyar takalmi, ta zo ta tsaya.

"Durƙusa."

Ba ta ce Baba ba. Na durƙusa. Ta shafa kaina ta share. Ta fara danna tsakiyar bayana. Gaba, gaba, gaba. Ina jiran kafaɗa, ba ta taɓa kafaɗa ba. Ta yi ta dannawa da ƙarfi har lissafin ya ɓace mini. Sannan ta buga tsakiyar kaina.

Na miƙe na tafi. Na wuce gidajen gawayi, na wuce randa, na fita ƙofar gida, na tsallake kwata, har na kai bakin hanya inda masu kabu-kabu ke tsayawa. Nan na tsaya. Na gane abin da ta yi. Korata ta yi, yadda ta ji na kore ta. Na daɗe a tsaye. Wani mai babur ya tambaye ni ko tafiya zan yi, na ce a'a. Da na koma ta shiga ɗaki, ta ajiye mini tuwon da mai kifi ta aiko, ta rufe shi da faifai.

Da safe muka je tasha. Kayanta buhu ɗaya ne da jakar lakwal. Mai kifi ta yi mata sabon kitso, ta ƙulla mata soyayyen kifi a leda, ta tsaya a gida don ta ce ba za ta iya ganin tafiyarta ba. Kawun ya samar mata wajen taga. Na tsaya nesa kaɗan, wajen masu sayar da rake.

Da mota ta cika sai ga shi an toshe ta. Amalanken jaki ta gefe ɗaya, wata motar Kamba ta ɗaya gefen, sai da baya za ta fita ta wani ɗan tsukukun wuri. Yaron motar ya hau sama yana ɗaure kaya. Direban ya san ni. Ya leƙo ya ce tsoho, zo ka fitar da ni mana.

Na je na tsaya inda zai gan ni a madubi. Tagarta tana daidai saman kaina. Ban ɗaga ido ba, aikin ba ya yarda, ido na kan taya. Taho. Taho. Yanka dama. Ya isa, miƙe. Muryata ta fita yadda take fita kullum. Motar ta zame tsakanin amalanke da ƙarfen ɗayar ba ta taɓa komai ba, ta daidaita ta fuskanci arewa. Na buga jikinta sau biyu.

Sai da ta hau kwalta na ɗaga kai. Na ga hannu a gilashi, ban tabbata nata ba ne. Na tarar hannayena suna bayana, ɗaya riƙe da ɗaya.

Ran Juma'a bayan masallaci kawunta kan kira wayar mai kifi, a kawo mini. Nakan ce ke, kina lafiya. Ta ce lafiya lau. Ta ce a can ba kunkuru, manyan na'urori ne masu madannai da yawa, ta sa wata mota ta zagaya gari a ciki. Faransanci ya fara yawa a bakinta. Sau ɗaya ta tambaye ni ko gidajen gawayin na nan. Na ce ruwan farko ya wanke su. Ta ce ai ba komai. Sai kawun ya karɓi wayarsa.

Nakan bi ta bayan lakwal in zan je kogi. Wani lokaci ina jin ƙarar abin daga cikin aji, da muryar madam tana cewa hannu a baya. Ba na zuwa tagar.

Ina nan Gaya, a ɗakin nan dai, bayan filin motoci. In akwai mota ina fitar da ita, in babu ina bakin kogi. Da la'asar ina dawowa in dafa shinkafa ta mutum ɗaya.